Masarar Funtuwa da Bashin Washinton

A watan Disamba na 1974 Bankin Duniya da ke Washinton ya amince da rancen dala miliyan 29 domin wani aikin noma a kudancin lardin Katsina. Lokacin ba a haifi jihar Katsina ba, ita kanta Kaduna ba ta karɓi wannan suna ba tukuna. Jihar Arewa ta Tsakiya ake ce mata, kuma Birgediya Abba Kyari ke riƙe da ita a ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon. Babu majalisar dokoki ko ɗaya a ƙasar, don haka babu wanda aka zaɓa da ya ga takardar rancen kafin a sa mata hannu. Aikin ya fara a 1975, ya haɗa gundumomi biyar, wato Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 7,500 da gidajen manoma sama da 80,000. An yi masa 'yan'uwa biyu a lokaci guda, ɗaya a Gusau, ɗaya a Gombe. Waɗannan ukun su ne iyayen duk hukumomin raya aikin gona da jihohin Najeriya ke da su a yau.

Ba a banza aka zaɓi wannan yanki ba. Tun zamanin Turawa ƙasar Funtuwa take ɗaure da kasuwar waje. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda an shimfiɗa shi ne a ƙarshen shekarun 1920, kuma auduga ce babban abin da aka yi shi dominta. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, manomi ya riƙa kai audugarsa fuloti ana aunawa, a biya shi farashin da aka yanke a wani wuri da bai taɓa gani ba. Sai fari ya zo a 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa, kuɗin man fetur suka cika aljihun gwamnati, shi kuma shugaban Bankin Duniya na lokacin, Robert McNamara, ya tsaya a Nairobi a 1973 ya ce bankin zai karkata ga ƙaramin manomi. Funtuwa na cikin wuraren farko a Afirka da aka gwada wannan alkawari.

An yi aiki, wannan ba a musu. An fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyukan da a da sai jaki da keke ke shiga da damina, an gina ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri da maganin feshi, an baza malaman gona kan babura. Takin zamani mai rangwame ya shigo da yawan da ba a taɓa gani ba. Sai dai masu tsara aikin sun ɗora babban burinsu kan auduga da dawa, manomi kuwa ya duba aljihunsa ya zaɓi wani abu dabam. Farashin auduga hukuma ke yanke shi (Hukumar Auduga ta Ƙasa da aka kafa a 1977 a nan Funtuwa hedikwatarta take), hatsi kuwa kasuwa ke yi masa kuɗi. Ga sabon irin farar masara da ya fito daga cibiyar bincike ta Ibadan, wanda ke amsa taki fiye da dawa. Masarar da a da ake shuka ta a bayan gida don a gasa a ci da ɗanyenta ta koma amfanin gona na buhu ɗari-ɗari. Tuwon masarar da yaron Bakori ko Ɗandume yake ɗauka tun fil'azal ake cinsa, a gaskiya ɗan wancan rance ne.

Tambayar da ta taso tun aikin bai ƙare ba ita ce: wa ya fi ci? Tsarin da aka bi shi ne a fara da waɗanda ake ganin za su karɓi sabon abu da wuri, masu manyan gonaki da masu hali, da fatan sauran za su gani su kwaikwaya. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun nuna cewa ziyarar malaman gona da bashin garma da aikin tantan sun fi karkata ga wannan rukuni. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta tare da Gavin Williams kan yadda lissafin Bankin ya sha bamban da yadda mutanen ƙauye suke noma da fatauci da cin bashi a tsakaninsu. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin hafsoshi kuma suka fara sha'awar ƙasar Funtuwa. Ko marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kafin ya zama gwamna, manajan gonar Sambo ne a Funtuwa daga 1983 zuwa 1989.

A 1 ga Oktoba 1979 farar hula suka karɓi mulki, aikin Funtuwa ya samu abin da bai taɓa samu ba: zaɓaɓɓen gwamna da zaɓaɓɓiyar majalisa. Gwamnan shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, akanta ne, kuma ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Majalisar kuwa ta NPN ce, tana da kujera 64 cikin 99, kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, mutumin garin da ke maƙwabtaka da Ƙanƙara. Wa'adin aikin na shekara biyar ya zo ƙarshe a 1980, Bankin Duniya ya kawo tayin faɗaɗa shi ya game jihar baki ɗaya da sabon rance mai yawa. Balarabe ya karanta sharuɗɗan ya ƙi. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, Bankin ya nace manyan muƙaman aikin, musamman na shugabanci da na kuɗi, su kasance a hannun ƙwararrun da shi zai amince da su daga waje, a biya su da kuɗin waje daga cikin bashin da talakan jihar zai biya. Ta biyu, abin da aka gani a Funtuwa ya nuna tsirarun manyan manoma ne suka kwashe kaso mafi tsoka. Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar a zamanin PRP, shi ma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa kan irin waɗannan cibiyoyi na ƙasashen Yamma ba.

A nan ne abin ya juye. Tambayoyin da Balarabe ya yi, na wa zai riƙe asusu, nawa za a biya baƙi, wa ya samu taki wa ya rasa, tambayoyin majalisa ne. A tsarin da aka aro daga Amurka, gwamna ne ake sa ran zai yi ɗokin karɓo kuɗi don ya yi aikin da za a gani, majalisa ta riƙe masa linzami. A Kaduna gwamna ne ya ja linzamin. Majalisa kuwa tana da mutanen da suka fito daga gundumomin nan biyar, waɗanda suka san cibiyoyin takin da ƙafarsu, suka san dagatan da buhuna suka bi ta hannunsu. Tana da ikon kiran shugaban aikin ya zo da littattafansa. Da ta yi haka, da ko dai ta ƙaryata gwamna da alƙaluma, ko ta tilasta wa Bankin ya sassauta. Amma abin da tarihi ya riƙe mata shi ne ƙin amincewa da sunayen kwamishinoni duk lokacin da aka aiko su, har gwamnan ya yi mulkinsa gaba ɗaya ba kwamishina ko ɗaya, sannan tsige shi a 23 ga Yuni 1981, karo na farko da aka tsige gwamna a Najeriya. Ba a tuna ta da wani rahoto kan takin Funtuwa.

Ba na cewa Balarabe ba shi da nasa. Mutum ne da ba ya lanƙwasuwa, kuma siyasar jihar da majalisarta ke hannun 'yan adawa tana buƙatar a ba da wani abu a karɓi wani. Abokin tafiyarsa a PRP, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano, ya karɓi irin wannan rance a 1981, aka kafa hukumar raya aikin gona ta KNARDA. Bauchi ta karɓa a shekarar, Sakkwato ta biyo baya a 1982. Kaduna ba ta samu nata ba sai 1984, bayan sojoji sun dawo sun rufe majalisu, wato an sake sa hannu a ɗakin da ba wakilin kowa a ciki. Da aka yanke jihar Katsina a 23 ga Satumba 1987 aka raba kadara da bashi, sabuwar jiha ta gaji rabonta na aikin, wanda ya zama hukumar KTARDA.

Wani zai ce ai wannan duk ba hurumin majalisar jiha ba ne, tun da hulɗa da ƙasashen waje ta Abuja ce. A kan takarda yana da gaskiya rabi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkokin waje, da kwastan, da ciniki tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, da ciwo bashi daga waje ko don tarayya ko don wata jiha, duk a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamnan Katsina ba shi da ikon ƙulla yarjejeniya da Nijar ko Sin a matsayin ƙasa da ƙasa. Sai dai kundin nan ya bar wa majalisar jiha yin doka kan bunƙasa noma da masana'antu da kasuwancin jiharta. Sashe na 120 da na 121 sun hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar kasafin da ta zartar. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar duk ma'aikata ko hukumar da ke kashe kuɗin da ta ware, domin bankaɗo cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci, na 129 kuma ya ba ta ikon sammacin duk wanda take son ji daga bakinsa. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ita zai kai wa rahotonsa. Har ma akwai sashe na 12 da ba a cika ambatarsa ba, wanda ya ce idan Majalisar Tarayya za ta mayar da wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa doka a kan batun da ba ya cikin jerin nata na keɓe, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince.

Shi kansa rancen waje ba ya isa Abuja sai ya ratsa zauren majalisar jiha. Majalisar zartarwa ta amince, gwamna ya aika wa kakaki wasiƙa, majalisa ta yi ƙuduri, sannan takardu su tafi Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka, a saka buƙatar cikin shirin ciwo bashin da Majalisar Tarayya za ta duba. Gwamnatin tarayya ce ke sa hannu da mai ba da rancen, ta juyo ta ranta wa jiha. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kowane mataki na gwamnati da zai ci bashi sai ya nuna abin da zai yi da shi da lissafin riba da asararsa, kuma ba a cin bashi sai don manyan ayyuka da gina ɗan'adam. Ranar biya kuwa ba a jiran jiha ta kawo. Daga kasonta na wata-wata ake zarewa tun a Abuja kafin ragowar ta iso Katsina. Don haka ƙudurin nan da ake karantawa a zauren mutum 34, a tambayi masu goyon baya su ce e, shi ne wuri na ƙarshe da wakilin Malumfashi ko Ƙafur ko Sabuwa yake da ta cewa. Bayansa sai cirewa, shekara 25 ko 30, a hannun gwamnonin da yanzu wasunsu suna makarantar sakandare.

Manomin wannan yanki ya san falle. Rumbu ya yi ƙasa a watan Agusta, ka karɓi kuɗi wurin mai hali, da kaka ka biya da buhu. Falle yana da ciwo, amma wanda ya ci ya san buhu nawa ake binsa. Jihar da ta ci bashin dala ta san dala nawa ake binta, ba ta san naira nawa za ta fitar ba. A 2015 dala ɗaya tana kusan naira 197 a farashin gwamnati. A watan Mayu na 2023 tana wajen 460. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Ke nan biyan dala miliyan ɗaya da a da yake cin naira miliyan 197 ya koma cin fiye da naira biliyan ɗaya da rabi, alhali ba a ƙara aron ko sisi ba. Ana yawan kwantar wa 'yan majalisa da hankali da cewa rance ne mai sauƙi, ruwansa kaɗan, ga sassaucin shekara biyar kafin a fara biya. Duk gaskiya ne. Amma sauƙin yana cikin dala, jihar kuwa da naira take samun kuɗinta.

Kaduna, wadda da can jiha ɗaya muke da ita, ta sake zama aji. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta nema daga Bankin Duniya, bayan sanatocin jihar uku, Shehu Sani da Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, sun ce nauyin zai yi yawa. Akwai rigimar siyasa a ciki, kowa ya sani. Daga baya, da majalisa ta canja, aka amince. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga kason biliyan 10 na watan an zare biliyan 7. Nan da nan majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti, a watan Yuni ya kawo rahoto mai zargin an karkatar da naira biliyan 423. El-Rufa'i ya musanta ya tafi kotu. Ba aikin wannan rubutu ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu. Abin lura shi ne lokacin: basussukan sun bi ta wannan majalisa suna shiga, ba ta ɗaga murya ba sai da wanda ya ciwo su ya bar kujera ya kuma ɓata da magajinsa. Binciken da ke jiran gwamna ya sauka ba ya rage ko dala ɗaya daga abin da za a zare.

A Katsina tun 1999 jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye a majalisa, PDP har 2015, APC daga nan. Wannan ya kawo zaman lafiyar da Kaduna ta 1980 ta rasa, ya kuma kawo nasa ciwon, wanda kusan duk jihohin ƙasar ke fama da shi. Ɗan majalisar da tikitinsa na gaba yake hannun gwamna, motarsa da kuɗin ofishinsa suka fito daga gidan gwamnati, da wuya ya miƙe ya ce a dakata da wasiƙar mai girma gwamna sai an kawo lissafi. A 2010 aka ba majalisun jihohi damar su amince da gyaran tsarin mulkin da zai ba su 'yancin kuɗinsu, suka kasa tara kashi biyu cikin ukun da ake buƙata. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran, kuma aiwatar da shi ya ci gaba da jan ƙafa shekaru bayan haka. Abin ban mamaki, Aminu Bello Masari, mutumin Ƙafur da ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, shi kansa tsohon kakakin Majalisar Wakilai ne. Yankin bai rasa waɗanda suka san aikin majalisa ba.

A halin yanzu kuɗin waje sun fi na 1975 yawa da rassa. Akwai jerin shirin Fadama da aka fara tun farkon shekarun 1990, da NG-CARES da ya biyo bayan annobar korona, da ACReSAL na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, da AGILE na karatun 'yan mata wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko, da RAAMP na hanyoyin karkara wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka haɗa wa kuɗi. Kowannensu yana da ofishinsa da shugabansa da asusunsa da motocinsa masu tambari, yana bin ƙa'idar ba da kwangila ta Bankin, yana jiran sahalewar Bankin kafin ya kashe manyan kuɗi. Rahotonsa sama yake tafiya, Abuja sannan Washinton. Baturen da Balarabe ya ƙi ya tafi, 'yan jiha ne a kujerun yanzu, amma fuskar da suke kallo idan za su ba da bayani ba ta canja ba. Kuma takardun ba a ɓoye suke ba. Bankin yana ɗora bayanin kowane shiri da makin da ya ba shi a intanet, da Turanci, shafi ɗari da wani abu. Ma'aikaci ɗaya mai himma a kwamitin noma na majalisa zai iya saukar da su da wayarsa, ya jera ƙauyukan da aka ce an yi wa aiki, ya miƙa wa wakilin kowace mazaɓa nasa ya je ya gani.

Abin da ya fi ba ni kunya a wannan tarihi shi ne shirin SFTAS na 2018. Bankin Duniya ya ba tarayya rancen dala miliyan 750, ita kuma ta riƙa ba jihohi kyautar kuɗi idan suka wallafa kasafinsu a kan lokaci, suka fitar da rahoton mai binciken kuɗi, suka bayyana bashin da ake binsu. Cikin 'yan shekaru jihohin da suka shekara da shekaru suna ɓoye waɗannan takardu suka fara ɗora su a intanet. Duk abin da aka saya da wannan kuɗi, tsarin mulki ya riga ya ba majalisun jihohi ikon karɓarsa kyauta tun 1999.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin majalisar jiha da gaske, kuma shi ya fi taɓa aljihun manomi. Gwamnatin Babangida ce ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, har da ta auduga. Abuja ce ta buɗe ƙofa ga yadin waje a 1997, atamfar Sin ta riƙa biyowa ta Kwatano da Maraɗi tana shigowa ta Jibiya, masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ta Funtuwa ta zama cikin 'yan ƙalilan da suka rage suna numfashi. Abuja ce ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ita ce a watan Yuli 2024 ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, mai saye a birni ya ji sanyi, wanda ya sayi taki da tsada a Ɗanja ya kai masararsa kasuwa ya tarar ta faɗi. Majalisar jiha ba za ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Za ta iya kiran zaman jin ra'ayin jama'a a Funtuwa, ta tara dillalan hatsi da masu gurza da direbobi, ta fitar da alƙaluman asarar da sunanta, ta ɗora su gaban sanatocin jihar uku. A Beljiyam, majalisar yankin Waloniya, mai mutanen da ba su kai rabin na Katsina ba, ta tsayar da yarjejeniyar ciniki tsakanin Tarayyar Turai da Kanada a watan Oktoba 2016, har sai da aka ba ta tabbaci kan manomanta. Tsarin mulkinsu ya ba su wannan iko, namu bai bayar ba. Amma sun isa wurin ne bayan sun daɗe suna zaman sauraron masana suna karanta yarjejeniyar sashe-sashe, kuma wannan ɓangaren babu dokar da ta hana kowa.

Sai batun ƙasa, wanda shi ne ainihin abin da mai zuba jari daga waje yake nema a nan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna amana, ta ba shi ikon karɓe gona don amfanin jama'a, diyya kuma ta amfanin da ke kai ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Takardun fahimtar juna da ake sa wa hannu a tarukan zuba jari, irin wanda Buhari ya buɗe a Katsina a 2016, ko a tafiye-tafiyen gwamnoni zuwa ƙasashen waje, ba bashi ba ne, don haka ba dole su zo majalisa ba. Amma a cikinsu ake alkawarin hekta dubbai da yafe haraji. Wanda ya san abin da ya faru a Bakolori a watan Afrilu 1980, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye, ba zai ɗauki wannan da wasa ba, balle yanzu da 'yan bindiga suka kori mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara daga gonaki masu yawa, filin da ake iya nomawa cikin kwanciyar hankali ya ƙara daraja. Doka guda da ta ce duk kyautar fili da ta wuce wani adadi sai an ajiye takardarta gaban majalisa kafin a ba da shaidar mallaka abu ne da majalisar jiha za ta iya gwadawa.

Hanyoyin burjin da aikin Funtuwa ya fasa sun yi amfani sosai, amma da kuɗin Bankin suka ƙare, gyaransu ya koma kan kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, inda ba a cika ware masa komai ba. Ruwa ya cinye kwalbatoci, da yawansu suka koma yadda aka same su. Bankin ya ga haka a jiha bayan jiha, shi ya sa a sabon zagayen RAAMP da ya amince da shi a ƙarshen 2024 ya gindaya sharaɗi: jihar da ke son shiga sai ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyaran hanya, da doka, da ma'aikata, suna aiki. Ke nan mai ba da rance ne yanzu yake aiko wa majalisa da aikin doka, har da lokacin da yake son a gama. Zartar da irin wannan doka ba ya ɗaukar mako guda. Abin da ba a rubuta wa majalisa daga Washinton shi ne nawa za ta zuba cikin asusun a kasafin kowace shekara bayan ofishin shirin ya rufe, da ko kwamitin ayyuka zai nemi a kawo masa takardar abin da aka fitar a zahiri, ya gwada ta da abin da aka rubuta a kasafi, kafin ya amince da na shekara mai zuwa.